Lissafin littafi a gaban kwamfuta mai duba hujja: ina gizo yake saƙar?

Duk mai koyar da lissafi a Legas yanzu, ko a aji ne ko lesin ɗin yamma irin wanda ake yi wa yaranmu a Agege da Idi-Araba, ya san abin da ake ciki. Ka ba yaro aikin gida, ya ɗauki hoton tambayar da waya ya tura wa ChatGPT ko Gemini, kafin ka ce kwabo amsa ta fito tsaf-tsaf mataki bayan mataki. Sau da yawa kuma daidai take, wannan ba a musu. Amma wani lokacin can a tsakiya sai ka tarar da layi ɗaya da sam bai biyo bayan wanda ya gabace shi ba, an dai rubuta shi ne da irin ƙarfin gwiwar da aka rubuta sauran, ba alamar shakka ko ɗis, yaron da bai ƙware ba kuwa ina zai gano? To wannan damuwar ba ta tsaya kan 'yan sakandare ba, manyan masana lissafi na duniya ma ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya tun kafin a yi waɗannan manhajojin, kuma hanyar da suka kama don magance ta ita nake so mu warware.

Manhajoji iri biyu ne a cikin maganar nan, in ba a rarrabe su ba komai zai cakuɗe. Ta farko ita ce manhajar harshe, su ChatGPT da Gemini da Claude da DeepSeek. An ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa har ta koyi hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, daga nan aka ƙara horar da ita ta iya bin dogon tunani. Tana da baki, tana saurin kama abin da kake nufi ko da a karkace ka rubuta, amma a yadda aka gina ta babu abin da ke tilasta mata faɗin gaskiya. Ta biyun kuwa daban take kwata-kwata, ita ce manhajar duba hujja, su Lean da Isabelle da Coq wanda aka sauya wa suna zuwa Rocq a 2025. Wannan ba ta hasashe, ba ta jin Turanci balle Hausa, tana da nata yaren mai tsauri, aikinta kuma ɗaya tak: ka ba ta da'awa ka ba ta hujja, ta bi kowane mataki ta ga ko ya fito daga 'yan ƙa'idojin mantiƙi da aka yarda da su tun farko. In ya fito ta wuce, in bai fito ba ta ja jan layi a wurin ta tsaya. Ba ruwanta da ko kai farfesa ne ko ɗan aji ɗaya. Ɓangaren da ke yanke hukuncin ma da gangan aka yi shi ƙarami don mutane su iya karanta shi su bincike shi, har wasu sun rubuta nasu daban don a riƙa gwada hukuncin wannan da na wancan.

Dabarar da ake ta yayi yanzu ita ce a haɗa su aiki, mai bakin ta ɗauko shafin littafi ta juya shi zuwa yaren Lean, mai tsaurin ta duba. In aka yi haka ƙaryar ta farkon ba ta da wurin ɓuya, ko kuma dai haka ake fata.

Shi burin ba sabo ba ne. Tun wajajen 1967 wani masani ɗan Holan, de Bruijn, ya ƙirƙiro wani tsari mai suna Automath, kuma a 1977 wani mai suna Jutting ya kammala juya wani ƙaramin littafi na Edmund Landau kan tushen lambobi gaba ɗayansa zuwa wannan yaren, kwamfuta ta duba. Shekara kusan hamsin kenan. Abin da ya hana abin yaɗuwa shi ne wahala, don masu wannan aikin sun daɗe suna kiyasin cewa shafi ɗaya na littafin jami'a yakan ci wa ƙwararre kusan mako guda. Yanzu ka ɗauki littafi mai shafi 300 ka yi lissafi da kanka.

Me ya sa shafi ɗaya zai ci mako? Saboda littafi da mutum yake magana, mutum kuma yana cike gurbi da kansa. Marubuci zai ce "a bayyane yake cewa", ko "haka ake yi wa sauran", ko ya ce ya bar wa mai karatu ya gwada, ya wuce abinsa. Kwamfuta kuwa ba ta san wani abu wai shi a bayyane ba. Bari mu ɗauki misali mu duba shi da kyau. Lambobin firaim su ne waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Tun zamanin Yuklid na Girka aka san ba su da ƙarshe, kuma hujjar da ake koyarwa gajera ce: ɗauki kowace lamba, mu ce 5, ka ninka duk lambobi daga 1 zuwa 5 ka samu 120, ka ƙara 1 ya zama 121. Duk firaim ɗin da zai raba 121 dole ya fi 5, don 2 da 3 da 5 duk suna barin saura 1, ga shi kuwa 121 shi ne 11 sau 11. Haka za ka yi da kowace lamba, kenan kullum akwai firaim a gaba. A allo layi huɗu ne an gama. A gaban Lean kuwa sai ka fara nuna mata cewa lambar da ka samu bayan ƙara 1 ɗin ba 1 ba ce, don 1 ba ta da firaim mai raba ta, wanda ke nufin sai ka nuna ninkin nan ba sifili ba ne, sannan ka nuna duk lambar da ba ta wuce wadda ka ɗauka ba tana raba ninkin, sannan ka nuna abin da ya raba lambobi biyu yana raba bambancinsu, sannan ka nuna firaim ba ya raba 1. Babu mai wuya a cikinsu, amma kowanne sai an faɗe shi da sunansa. Wannan fa hujja ce ta layi huɗu, ina ga mai shafi ɗari.

Wani zai ce to wace wahala ce ta kai mutane, ba ga farfesoshi nan suna duba aikin juna ba? Suna dubawa, amma su ma mutane ne. Andrew Wiles ya sanar da hujjarsa ta shahararriyar da'awar Fermat a 1993, ana cikin dubawa aka tarar da giɓi, sai 1994 ya toshe shi tare da Richard Taylor. Wannan an yi sa'a an gano da wuri. Vladimir Voevodsky, wanda ya ci Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi, a 2002, yana da wata takarda da wani masani, Carlos Simpson, ya nuna a 1998 cewa sakamakonta ba zai yiwu ba, amma ba a nuna takamaiman layin da kuskuren yake ba, shi kuma ya ci gaba da ganin shi ke da gaskiya har 2013 kafin ya tabbatar da kansa cewa akwai kuskure. Shekara 15 manyan masana biyu suna saɓani kan abin da ake cewa ba a saɓani a cikinsa. Wannan na cikin abin da ya sa ya karkata ga duba hujja da kwamfuta har ƙarshen rayuwarsa a 2017.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Thomas Hales. Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 ya ga yadda masu lemu ke jera shi, a shimfiɗa layin ƙasa, na sama kowanne ya zauna a ramin da ke tsakanin na ƙasa, a tafi a haka har ya yi tsini. A 1611 Johannes Kepler ya ce babu wata hanyar jera ƙwallaye masu girma ɗaya da ta fi wannan cike wuri, tana cike kusan kashi 74 cikin 100. Kowane mai lemu zai ce maka ai wannan sananne ne, amma hujjar ta gagari duniya kusan shekara 400. A 1998 Hales ya kawo tasa, shafi kusan 250 haɗe da tarin lissafin kwamfuta. Mujallar Annals of Mathematics ta ba masana 12 su duba, suka shafe shekaru a kai, a ƙarshe suka ce sun gamsu kashi 99 cikin 100 amma ba za su iya rantsuwa kan dukkan lissafin kwamfutar ba. Ka duba halin da bawan Allahn nan ya shiga, aikin rayuwarsa ne, ba a ce ya yi kuskure ba, ba a kuma ce masa shikenan ba. Sai a 2003 ya ƙaddamar da wani aiki mai suna Flyspeck don a juya hujjar gaba ɗaya zuwa yaren da kwamfuta za ta duba, da manhajojin duba hujja HOL Light da Isabelle, shi da tawagarsa ba su gama ba sai 2014. Shekara 11 don kashi ɗaya cikin ɗari. Ni a wurina wannan shi ne ainihin mutuncin lissafi, mutum ya ƙi karɓar "kusan tabbas".

Lean ta zo daga baya, Leonardo de Moura ya fara ta a 2013 yana Microsoft Research. Abin da ya ɗaga ta shi ne rumbun da ake kira Mathlib, wanda aka fara a 2017, inda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke zuba ta'arifai, wato bayanin ma'anar kowane abu na lissafi, da hujjojin da aka riga aka duba, yanzu ya haura layi miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Amfaninsa shi ne ba sai ka fara daga 1 da 1 ba, ka ɗauko abin da wani ya gina ka ɗora naka. A Disamban 2020 Peter Scholze na Jami'ar Bonn a Jamus, shi ma mai lambar Fields, ya fito fili ya ce akwai wata hujja tasa da yake da ɗan shakku a kanta, a taimaka a duba da Lean. Wata tawaga ƙarƙashin Johan Commelin ta tabbatar da ɓangaren da ya fi damunsa cikin kusan wata shida, ta kammala duka a Yulin 2022. A ƙarshen 2023 kuma Terence Tao da abokan aikinsa suka fitar da wata sabuwar hujja, jama'a suka taru a intanet aka raba ta gunduwa-gunduwa, cikin kusan mako uku Lean ta amince da ita. Abin lura a nan, Tao bai buƙaci ya san waɗanda suka taya shi ba balle ya yarda da su, tunda duk wanda ya kawo gunduwarsa Lean ce za ta duba.

To a nan manhajar harshe ta samu ƙofa. Tunda ba a buƙatar a yarda da mai kawo hujja, ai ko manhajar da aka san tana shirga ƙarya za ta iya kawowa. Yadda aikin ke tafiya shi ne, a ba ta da'awar, ta rubuta yunƙurinta da yaren Lean, Lean ta duba ta mayar mata da saƙo cewa layi kaza bai yi ba, ga abin da ya rage a nuna, ko ta ce wannan sunan da kika kira babu shi a Mathlib, don manhajojin nan suna yawan ƙirƙiro sunan ƙa'idar da ba ta wanzu ba. Sai ta karanta saƙon ta gyara ta sake turawa. A yi ta haka sau goma, sau ɗari, sau dubu, ba ta gajiya ba ta jin kunya. Wasu tsare-tsaren kuma sukan sa ta fara rubuta hujjar da yaren mutane, ta mayar da ita ƙwarangwal mai manyan matakai, sannan a cike kowane gurbi daban. Kuma duk yunƙurin da Lean ta amince da shi ana iya mayar da shi abin horar da manhajar, ta ƙara ƙwarewa, ba tare da an ɗauki malamin da zai yi makin ba.

Ci gaban ya yi sauri sosai. A 2022 Yuhuai Wu da abokan aikinsa sun gwada sa manhajar harshe ta juya tambayoyin gasar lissafi zuwa Isabelle, kusan kashi 25 cikin 100 ne kawai suka fito daidai, a lokacin kuma an ga abin a matsayin babban labari. A Yulin 2024 Google DeepMind ta gwada manhajojinta AlphaProof da AlphaGeometry 2 kan tambayoyin gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare da aka yi a Bath ta Ingila, suka warware 4 cikin 6, maki 28 cikin 42, matakin lambar azurfa kenan, maki ɗaya ya rage su taɓa zinare. Wasu tambayoyin dai sun ɗauki har kwana uku alhali ɗalibai awa huɗu da rabi ake ba su a kowace rana cikin kwana biyu. A Satumban 2025 kuma wani kamfani, Math Inc, ya sanar cewa manhajarsa Gauss ta kammala juya wata babbar hujja kan yadda lambobin firaim ke bazuwa, layin Lean kusan 25,000 cikin mako uku, aikin da Tao da Alex Kontorovich suka buɗe tun farkon 2024, kodayake mutane ne suka tsara mata taswirar aikin suna kuma sa ido.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, kuma duk dogon bayanin nan da na yi don mu iso nan ne.

Lean tana duba cewa hujja ta tabbatar da da'awar da aka rubuta mata. Ba ta taɓa ganin littafin ba. Ba ta san abin da marubucin yake nufi ba. Duk Bahaushen da ya taɓa raka ɗan uwansa kotu a garin nan, wanda ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci, ya san cewa rabin shari'ar a bakin tafinta take. Alƙali zai iya zama adali na ƙarshe, ya bi doka daki-daki, amma kan abin da tafinta ya faɗa masa zai yi hukunci, in tafinta ya ce "ya ce ya karɓa" alhali mutumin cewa ya yi "an ce na karɓa", hukuncin zai fito daidai da abin da kotu ta ji, mutumin kuma an cuce shi. Manhajar harshe ita ce tafintan, kuma babu wata kwamfuta da za ta iya ba ka tabbaci irin na Lean cewa fassarar ta yi daidai, saboda ɓangare ɗaya na fassarar yaren mutane ne.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Littafi ya ce a nuna babu wata lamba mai siffar kaza bisa kaza, irin 3 bisa 2 ko 7 bisa 5, da za ka ninka ta da kanta ka samu 2. Wannan tsohuwar hujja ce mai daɗi, tana buƙatar tunani. A Lean irin waɗannan lambobin alamarsu ℚ, lambobin ƙirge kuma, 0, 1, 2, 3, alamarsu ℕ. In manhajar ta rubuta ℕ a inda ya kamata ta sa ℚ, tambayar ta koma: babu lambar ƙirge da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 2. Wannan ko ɗan firamare ya sani, 1 sau 1 ɗaya ne, 2 sau 2 huɗu ne, an tsallake 2. Lean za ta amince nan take, rahoto ya fito cewa an tabbatar, alhali ainihin tambayar ko taɓa ta ba a yi ba. Harafi ɗaya ne fa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Littafi ya ce idan x da 5 sun ba da 3, a nuna x sau x zai ba da 4. Amsar a fili take, x ɗin 2 ne ƙasa da sifili. In aka sa x a cikin lambobin ƙirge, sharaɗin ya zama abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, don babu lambar ƙirge da za ka ƙara wa 5 ka samu 3. A ƙa'idar mantiƙi kuwa, daga sharaɗin da ba zai yiwu ba komai yana fitowa. Lean za ta yarda x sau x huɗu ne, za ta kuma yarda 100 ne in ka nema, kuma ba ta yi laifi ba. Manhajar da aka horar ta nemi amincewar Lean ko ta halin ƙaƙa, in ta ci karo da irin wannan ƙofar shigewa za ta yi, don a wurinta an ci maki.

Sannan Lean tana da wasu al'adu nata da wanda bai saba ba zai sha mamaki. Ka rubuta mata 2 - 3 ba tare da ka faɗi irin lambobin ba, za ta ce maka 0, don ta ɗauka lambobin ƙirge kake nufi, su kuma ba sa sauka ƙasa da sifili. Ka ce 7 / 2 ta ce 3. Ka raba lamba da sifili, abin da muke hana yara tun aji ɗaya, a Mathlib amsar 0 ce, an yi haka ne da gangan don sauƙaƙa aiki, kuma ba ya ɓata komai muddin mai rubutu ya tuna ya sa sharaɗin cewa mai rabawar ba sifili ba ce a inda ake buƙata. Littafi sau da yawa ba ya faɗin wannan sharaɗin, ya ɗauka ka sani. Ko misalin firaim ɗin nan namu, yadda yake a Mathlib shi ne ∀ n, ∃ p, n ≤ p ∧ p.Prime, wato kowace lamba n ka ɗauka akwai firaim p da bai gaza ta ba. Ka cire ɗan guntun nan n ≤ p, da'awar ta koma "akwai firaim", ka nuna 2 ka tafi gida.

Kada a ɗauka manhaja kaɗai ke wannan kuskuren. Akwai tarin tambayoyin da ake auna ƙwazon manhajojin da su, irin miniF2F mai tambaya 488 daga gasanni, da ProofNet mai 371 daga littattafan jami'a, mutane ne suka fassara su da hannu, amma daga baya masu bincike sun gano kurakurai da dama a cikin fassarar. A gwajin AlphaProof na 2024 ma, tambayoyin gasar mutane ne suka juya su zuwa Lean da hannu kafin a ba ta. A wajen horo kuwa sun bar manhaja ta fassara tambayoyi kusan miliyan ɗaya ta fitar da miliyoyin da'awoyi, ko fassarar ta karkace ba damuwa, tunda karkatacciyar tambaya ma tambaya ce da za a iya koyon tabbatarwa ko ƙaryatawa a kanta. Ka ga sun san inda za su saki da inda za su riƙe.

Littafin karatu kuma ya fi tambayar gasa wuya ta wata fuskar. Tambayar gasa ita kaɗai take tsaye. Littafi kuwa gini ne, babi na 7 yana kan ta'arifin da aka yi a babi na 2, kuma in ta'arifin babu shi a Mathlib sai manhajar ta rubuta nata. In ta karkace a nan, duk abin da aka ɗora a kai Lean za ta amince da shi, ɗaruruwan hujjoji duk daidai, duk kan wani abu daban da wanda marubucin yake magana a kai. Sauran hanyoyin maguɗi, irin barin gurbi da kalmar sorry wadda Lean ke karɓa a matsayin "zan cike daga baya", ko cusa sabuwar ƙa'idar tushe da ba a yarda da ita ba, waɗannan ba sa ba ni tsoro, umarni ɗaya ne zai tona su. Karkataccen ta'arifi kuwa sai wanda ya san fannin ya zauna ya karanta.

Duk da haka ni ina cikin masu murna da abin nan, kuma da gaske nake. A da mai duba aikin Hales sai ya karanta shafi 250 ya kuma yarda da lissafin da ba zai iya bi ba. Yanzu abin da ya rage wa mutum shi ne ya karanta da'awar da ta'arifan da ta dogara a kansu, wani lokacin layi goma ne, sauran dubban layukan ya bar wa Lean. An rage kayan sosai. Sai dai ɗan abin da ya rage ɗin ba ya yiwuwa sai da mutumin da ya fahimci lissafin ya kuma iya karanta yaren, kuma yadda manhajojin ke ƙara sauri, da'awoyin da ke jiran a karanta su za su fi masu karantawa yawa. Kevin Buzzard na Imperial College a Landan ya fara aikin shekara biyar a 2024 na juya hujjar Fermat zuwa Lean, kuma babban ɓangaren wahalar shi ne a rubuta ta'arifan zamani daidai tukuna.

Shi ya sa nake ganin yaranmu da ke karanta lissafi ko kimiyyar kwamfuta a Akoka da Ojo da Yaba, da ma waɗanda ke gida Kano da Zariya da Sakkwato, bai kamata su tsaya kallo ba. Lean kyauta ce. Gaskiya sauke Mathlib a laftof yana cin data, gigabait da dama ne, ga matsalar wuta, amma akwai shafin da ake rubuta Lean kai tsaye a burauza ba sai an sauke komai ba, akwai kuma wani wasa mai suna Natural Number Game da Buzzard da wani ɗalibinsa suka fara, inda za ka gina lissafin lambobin ƙirge daga tushe har ka tabbatar wa kwamfuta cewa 2 da 2 huɗu ne. Wanda ya yi wannan wasan ya gama, kallon da zai riƙa yi wa kalmar "a bayyane yake" a littafi zai canza. Kuma a wannan fagen ba a tambayar daga wace jami'a ka fito kafin hujjarka ta wuce.

Akwai ma aikin da nake ganin namu ne in ba mu yi ba da wuya wani ya yi. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, wato murabba'in da kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, jimillarsa ɗaya, musamman masu gida mara, irin 3 da 5 da 7. A ɗauko hanyoyin da ya bayyana, a rubuta su da yaren Lean, a tabbatar suna aiki ga kowace lamba mara komai girmanta. Manhajar harshe za ta taimaka ƙwarai wajen cike matakan hujjar. Amma wanda zai zauna ya ce e, wannan layin na Lean shi ne abin da Malam yake nufi a wannan shafin, dole ya zama ya iya Larabcin malaman ƙasar Hausa na wancan ƙarnin ya kuma iya Lean, irin yaron da ya yi makarantar allo da ta ilimi sannan ya shiga jami'a, kuma irinsu muna da su a Agege ma.